Kunun Zaƙi: Da Dankali Za Ki Fara Ko Da Tsiro?

Duk wadda ta taɓa sheƙa tafasasshen ruwa a kan ƙullun gero ta san abin da ke fitowa: koko mai kauri, wanda idan ya huce sai a yanka shi da cokali. Kunun zaƙi daga nan yake farawa, amma sai an zuba masa abin da zai tsinka wannan kaurin cikin dare, ya dawo abin kurɓa a kofi, da ɗan zaƙinsa na kansa tun sukari bai shiga ba. Abu biyu aka fi sani da wannan aiki a wajenmu. Akwai dankalin Hausa, wanda wasu ke kira lawur ko kudaku, ɗanye ko busasshe. Akwai kuma tsiro, wato hatsin da aka jiƙa ya fara fitar da saiwa sannan aka shanya shi. Wadda ke son fara yin kunun, don gida ne ko don sana'a, a nan take fara cijewa. Ta tambayi maƙwabciya a ce mata dankali, ta buga wa gwaggonta waya a ƙauye a ce mata ai kunun da ba tsiro ba kunu ba ne.

Kowaccensu tana da hujja, sai dai abubuwan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ƙwayar gero ko dawa mafi yawanta sitaci ne, shi kuma sitaci sukari ne da aka ƙulla jere da jere kamar doguwar igiya, har harshe ba ya jin zaƙinsa. Sinadarai biyu ne ke kwance shi, masana na ce musu alfa-amilas da beta-amilas. Na farkon sara yake yi a tsakiyar igiyar, duk inda ya samu, nan da nan doguwa ta koma guntaye. Shi ne ke sa kunu ya tsinke. Na biyun daga baki yake farawa, yana gutsuro ƙulli biyu-biyu, abin da yake gutsurowa kuwa shi ne sukarin da ake kira maltos. Shi ne mai kawo zaƙi. Irin na farkon yana cikin yawun bakinmu ma, shi ya sa idan yaro ya lashi cokali ya mayar cikin kwanon koko, kafin a ankara ya zama ruwa, a koma ana zargin hannun mai damu.

Dankali cike yake da mai zaƙaƙawa. Daga cikinsa ne masana a Amurka suka fara ware wannan sinadari tsantsa a 1946, kuma shi ne dalilin da dankalin da ya jima a cikin toka mai ɗumi ya fi wanda aka dafa a gurguje zaƙi. Mai tsinkawa kuwa kaɗan yake da shi. Tsiron dawa da na gero akasin haka ne: wajen tsinkawa ba dama, wajen zaƙaƙawa kuwa ba su kai ko kusa da sha'ir da alkama ba.

Masu dafa giyar sha'ir a gidajensu a Ingila da Amurka, irin mai hasken nan da suke kira pale ale, su ma suna da makamanciyar wannan muhawara, wai sabon shiga ya fara da ruwan tsiron da kamfani ya riga ya tace ya zuba a gwangwani, ko ya fara daga ƙwayar hatsi. Na kawo su ne don dalili ɗaya: matakin farko namu da nasu iri ɗaya ne, a mai da sitaci sukari, kuma sun bi wannan mataki da ma'aunin zafi fiye da kowa. Su sha'ir ya sauƙaƙa musu, domin sitacinsa yana nuna a daidai zafin da sinadaran ke aiki. Su zuba ɓarzajjen tsiro a ruwa, su riƙe shi tsakanin digiri 65 da 68 na awa ɗaya, an gama. Daga nan hanya ta raba, su su tafasa su zuba yis su jira barasa, mu mu tace mu sha. Hatsinmu ba shi da wannan sauƙin. Sitacin dawa ba ya nuna sosai sai zafi ya kai digiri 70 ko ya haura, kuma a nan ne mai zaƙaƙawa ke mutuwa. Iyayenmu mata sun daɗe da samo mafita ba tare da ma'auni ba: a raba ƙullu biyu, a dama kaso mai yawa ya nuna, a bar shi ya sha iska, sannan a zuba ragowar ɗanyen wanda dankali ko tsiro ke ciki. Da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt da na giya suka koma kan dawa, wannan matsalar ce ta sha musu kai, kuma ɗaya daga cikin dabarun da suka kama ba ta yi nisa da ta tsakar gida ba: a tsiyaye ruwan da ke ɗauke da sinadarin a ajiye gefe, a dafa sitacin shi kaɗai, a sake haɗawa.

Don haka tun kafin ki zaɓa, ki san cewa a lokacin haɗawa kunu ya fi lalacewa. Kika zuba ɗanyen ƙullu a kan damu yana ta tururi, kin dafe sinadarin, da safe ki tarar da koko kirtif. Kika bari ya huce sarai, aikin zai yi ta jan ƙafa, ƙwayoyin da ke kawo tsami su riga shi, ki tashi da kunu mai tsami mai gafi. Abin da ake nema bayan an haɗa an juya shi ne digiri 55 zuwa 65. Idan babu ma'auni, wankakken yatsa ya isa. Kin kasa tsomawa sam, da saura. Kin tsoma kin ce ɗaya, biyu, kin zare da sauri, ya yi. Yatsan ya zauna lafiya lau, kin makara. Damu mai kauri samansa ke hucewa ƙasansa na nan da wuta, sai an juya da muciya har gindin roba kafin a gwada. A nan tsiro ya ɗan fi dankali haƙuri, domin mai tsinkawa yana jure zafi har wajen digiri 75, abin da na dankali ba ya iyawa. Kuma ga wata dabara da za a ara daga waɗancan Turawan: a cikin kula suke haɗa nasu don zafin ya tsaya wuri ɗaya. Babbar kular nan da ake zuba shinkafar biki, idan an wanke ta tas babu maiƙo, awa biyu a cikinta a rufe ta fi dare guda a buɗaɗɗiyar roba a sanyin hunturu.

Yanzu ga dankali. Babbar falalarsa ita ce ba ya neman shiri. Kin yanke shawarar yin kunu yau, yau za ki jiƙa gero, gobe da safe ki feraye dankali biyu ko uku matsakaita ga kwano guda na hatsi, ki yayyanka, ki kai markaɗe tare da citta da kanumfari da masoro. Busasshen yana nan wajen masu kayan yaji duk shekara, a jiƙa shi na 'yan awanni ya yi laushi kafin a kai inji. Ɗanye ya fi ƙarfi da ɗanɗano mai tsabta, kuma wanda ya kwana biyu a ajiye bayan an haƙo shi ya fi sabon haƙa zaƙi. Busasshe kuwa sai an duba. Wanda aka shanya a bakin titi yakan zo da yashi, wanda ya sha raɓa yakan yi baƙi-baƙi da warin fumfuna. A karya ɗaya, idan cikinsa fari ne ƙal ya karye ƙas, a saya. Ɗanyen da ƙwaro ya huda, mai baƙin zane a ciki, guda ɗaya ya isa ya ɗaɗɗaci bokiti, kuma yanke wurin ba ya fitar da ɗacin duka. Dankalin Turawa kuwa ba ya wannan aiki, kada tsadar na Hausa ta sa ki gwada.

Kunun dankali yana da jiki. Yana cika baki, yana da zaƙi mai laushi da ɗan ƙamshin ƙasa wanda citta ke rufewa, kuma shi ne ɗanɗanon da yawancin masu saye a birni suka saba da shi. Rauninsa kuwa daga kaurin nan ne. Tunda bai tsinke sosai ba, sai an ƙara ruwa kafin ya bi ƙyallen tata, kuma kowane kofin ruwa da aka ƙara yana tafiya da ɗanɗano. Abin da ke maƙalewa a dusa yana da yawa. Yana kuma saurin kwanciya, ki ajiye gora minti talatin ki ga fari a ƙasa ruwa a sama. Kada kuma ki sa ran zai raba ki da sukari gaba ɗaya, zaƙin maltos bai kai rabin na sukarin kanti ba. Zai dai rage miki yawan wanda za ki zuba. Mai ciwon sukari kuma kada ya ruɗu da cewa ba a zuba komai ba, maltos yana ɗaga sukarin jini da sauri.

Wani abu da ake yawan yi wanda ke zubar da rabin amfanin dankali: a markaɗa komai tare sannan a raba. Duk dankalin da ya faɗa cikin kason da za a dama ya tafi a banza, tafasasshen ruwa ya kashe shi. Tun daga gida ki ware kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na jiƙaƙƙen geron a wata roba, ki zuba dankalin duka a ciki, a markaɗa shi daban. Haka ma idan tsiro ne. Sannan maganar inji. Kika ce, "Malam, don Allah a ɗauraye min tukuna," amsar da za ki ji ita ce, "Hajiya, yanzun nan na wanke shi." Leƙa bakin injin da kanki. Idan kin ga farin ƙullun wake ya manne a gefe, ko ja-ja na kayan miya, ki tsaya a zuba ruwa a kunna shi ya fita fes, ko ki biya kuɗin ɗaurayar. Ragowar wake ba ta bari kunu ya kai la'asar.

Tsiro kuwa aiki ne na mako guda kafin a zo maganar kunu, kuma a nan ne ya kamata sabuwar shiga ta yi wa kanta adalci. A samu hatsi mai rai, a rege shi, a jiƙa kwana ɗaya ana canza ruwa sau biyu ko uku, domin ƙwaya tana numfashi, idan ta daɗe a ruwa ɗaya sai ta shaƙe ta yi tsami. A tsame, a baza a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, kaurinsa kada ya wuce yatsa biyu ko uku, a rufe da wani buhun. Safe da yamma a yayyafa ruwa a juya da hannu. A rana ta biyu za ki ga farin ɗigo a bakin kowace ƙwaya. Daga nan saiwoyi su fito su fara sarƙewa, ki ɗaga gefe ɗaya ki ga ya taso a dunƙule, ki sa hannu a ƙarƙashi ki ji ɗumi, ga wani ƙamshi mai daɗi na ɗanyen ganye. Gero kwana biyu zuwa uku ya ishe shi, dawa huɗu zuwa biyar, shinkafa takan ɗan fi haka. Kada a jira tsiron ya yi kore ya miƙe, a lokacin shukar ta fara cinye abin da kike nema. Sai shanya a rana, a baje sosai, kwana biyu ko uku har ƙwayar ta karye a haƙori. Bayan nan a murje tsakanin tafin hannu, a sheƙe saiwoyi da tsiron su fita.

Wannan murzawar ba kwalliya ba ce, musamman ga dawa. Makiyaya sun san gyauron dawa yana kashe dabba, kuma gubar nan ce dai take cikin ɗanyen tsiro da saiwar dawar da kika shanya, wadda ke sakin dafin da ake kira sayanayid. A cikin tsiron da saiwar ta fi taruwa, don haka busarwa sosai da murjewa da sheƙewa su ne kariyar. Kada a taɓa markaɗa ɗanyen tsiron dawa da gashinsa a zuba cikin kason da ba za a dafa ba. Na biyu, fumfuna. Hatsi mai laima a wuri mai ɗumi abin da take so ke nan, kuma wasu nau'o'inta suna barin gubar aflatoksin wadda tafasawa ba ta kashewa. Kika ga kore-kore ko baƙi ko wani farin gashi da ba saiwa ba, ko kika ji yauƙi da wari, zubarwa ake yi, ba tsincewa ba. Na uku, irin shuka da aka cuɗa da magani, mai launin ja ko shuɗi. Yana tsirowa da kyau ƙwarai, shi ya sa ake samun masu ruɗuwa, amma ba na ci ba ne ko an wanke.

Kuma kada a kai tsiro kusa da wuta don a gaggauta busarwa. Zafin da ya wuce digiri 50 yana fara rage masa ƙarfi tun yana da laima, soyawa kuwa kashe shi take yi murus. Waɗancan masu giyar ma da tsiron da aka busar a hankali suke aikin, ƙonannen ɗan kaɗan suke barbaɗawa don launi. Idan kina son gardi, ki ɗebi ɗan kaɗan ki soya sama-sama a kasko ki haɗa da kason da za a dama, ki bar sauran yadda yake.

Wane hatsi za a tsirar? A ganina mai koyo ta fara da shinkafa shanshera, wadda ba a yi wa gumi ba, domin wadda aka turara ta riga ta mutu. Ƙaiƙayinta yana kare ƙwayar daga ruɓewa, ba ta da gubar dawa, ba ta canza launin kunu, kuma ɗanɗanonta ba ya gardama da na gero. Gero yana da sauri amma ƙwayarsa ƙanana ce, tana dunƙulewa tana riƙe ruwa, rabin yini na sakaci ya isa ya yi tsami, kuma surfaffe ba ya tsirowa. Dawa ita ce mai ƙamshin malt na sosai. Farafara tana ba da kunu mai haske, kaura mai ɗan rawaya, kuma daga kaura ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin nan SK5912 da masana'antu suka yi amfani da shi wajen yin malt. Jar dawa tana ba da launi mai kyau, amma wasu nau'o'inta suna da bauri, kuma abin da ke kawo baurin yana danne aikin sinadaran. Wadda ake mantawa da ita ita ce alkama. Tsironta yana da sinadaran biyu a wadace kamar sha'ir, yana tsinkawa yana zaƙaƙawa shi kaɗai. Wadda ke kusa da inda ake nomanta da rani, irin su Kadawa ko Haɗeja, ta samu sabuwa ta gwada cikin sanyi, domin alkama ba ta son zafi wajen tsirowa. Ko wanne kika zaɓa, ki fara ƙirga ƙwaya ashirin ki nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Idan bayan kwana uku ba su fito kusan duka ba, hatsin ya tsufa, waɗanda suka ƙi fitowa kuwa su ne za su ruɓe su ɓata sauran.

Ba mu kaɗai muke wannan ba. 'Yan'uwanmu da ke Sudan sun san hilu-mur, abin shan buɗa-baki da ake yi da tsiron dawa haɗe da garin dawa da kayan ƙamshi, a bar ƙullun ya yi tsami, a gasa shi fale-fale a ajiye, idan azumi ya zo a jiƙa a tace. Tun cikin Rajab da Sha'aban mata ke fara aikin, wanda ya nuna cewa wahalar tsiro ta lokaci ɗaya ce. Busasshe a cikin roba mai murfi yana yin watanni, muddin ba a niƙa shi ba sai ranar amfani.

Me wannan wahala ke saya miki? Za ki gani da idonki a minti goma na farko. Ki zuba ƙullun tsiro a kan damun da muciya ke tsayawa a ciki, ki juya, ki ji hannunki yana sauƙi yana sauƙi har ya koma zuba daga ludayi. Bai tsinke da ruwa ba, saboda haka duk ɗanɗanon geron yana nan. Wajen tata yana wucewa ba tare da an yi ta matsa ba, dusar da ke saura 'yar kaɗan ce, busasshiya. Ga mai sana'a wannan riba ce kai tsaye: kwano ɗaya ya ba da gorori fiye da na dankali ba tare da kunun ya zama salam ba. A baki ya fi santsi da sauƙi, ba ya nauyi a ciki, abin da mai buɗa-baki ke so. Gwangwani ɗaya na tsiro ga gwangwani goma na hatsi ya isa a fara da shi. Idan ya yi yawa, kunun zai tsinke har ya rasa jiki, kuma wannan ba ya gyaruwa, saɓanin kaurin dankali da ake saki da ruwa. Wannan ƙarfin ne ma'aikatan abinci mai gina jiki a Indiya da Tanzaniya suka yi amfani da shi wajen kunun yaye: a dama mai kauri, a barbaɗa ɗan garin tsiro ya sake, a mayar wuta ya tafasa, yaro ya sha abinci mai yawa a cikin ɗan kofi.

Akwai hanya ta uku da ba zan ɓata lokaci a kanta ba: a sayi gasara, a dama, a saki da ruwa, a zuba sukari da citta. Yana kashe ƙishirwa, kuma ranar da baƙi suka yi sallama ba shiri yana fitar da mutum kunya. Amma duk zaƙinsa na saye ne, ga tsadar sukari, kuma wanda ya san kunu kurɓa ɗaya zai gane.

Sai maganar ajiya, kuma a nan tsiro yake biyan bashin duk abin da ya bayar. Kwanan da kunu ke yi kafin tata, ƙwayoyin tsami irin na nono ne ke aiki a cikinsa, su ke ba shi ɗan tsamin nan mai daɗi. Amma akwai yis a iska da jikin hatsi, shi ma sukarin yake jira. Kunun da ya fi sukarin hatsi shi ya fi saurin juyawa, wanda aka haɗa wa tsiro da dankali kuwa ya fi kowanne. Burukutu da fito da tsiron dawa ake yinsu, wannan ne ya sa wasu mata ke ƙyamar tsiro gaba ɗaya. Ni ban ga dalilin ƙyamar ba, tsiro ba shi da barasa, shi ne a cikin lemon malt da muke ba yara. Abin da ke mai da shi giya shi ne a sa masa yis a bar shi kwanaki yana tafasa da kansa. Sai dai iyakar tana buƙatar tsaro. Ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage ya sa a shayar ko a zubar. Wancan zabibi ne a ruwa. Kunu a zafin Sakkwato ko Maiduguri na watan Afrilu, ba firji, yini ɗaya ne nasa. Gora ta kumbura ta yi tauri, murfi ya yi huci da aka buɗe, kumfa tana tasowa, yana tsikarin harshe: ya wuce, a zubar. A firji mai wuta tsayayya yakan yi kwana biyu zuwa uku. Kada a zuba sukari sai an tashi sha ko ɗurawa, kuma ruwan da za a saki kunu da shi ya zama tafasasshe da ya huce, domin daga nan ba sauran wuta.

Akwai abu ɗaya da tsiro ya yi zarra a nan. Bayan tata za a iya mayar da kununsa wuta a hankali ana juyawa har ya yi zafi sosai, ya ƙara daɗewa kuma gafin ɗanyen kaso ya fita, domin mai tsinkawa yana cin sitacin da ke nuna a hanya. Na dankali zalla aka yi masa haka, komawa koko yake yi.

To wa zai ɗauki wanne? Wadda ba ta taɓa yin kunun zaƙi ba, dankali. Ba don ya fi ba, sai don abin da take buƙatar koya da farko shi ne hannun damu da lokacin haɗawa, kuma idan kunun ya ƙi ta san inda za ta duba. Ta fara da tsiron da ta yi da kanta, ya ƙi, ba za ta san ko hatsin ne, ko shanyar, ko zafin ba. Mai yi wa gida sau ɗaya a mako ma dankali ya wadatar da ita. Mai sayarwa kullum, wadda ke lissafin gora nawa kwano ke bayarwa, ita ce tsiro ya fi yi wa rana, amma sai idan tana da sanyi ko tana sayar da kayanta kafin azahar. Wadda ke ɗaki ɗaya a gidan haya, ba wurin shanya, ga awaki da kajin maƙwabta, ta haƙura da tsiro har ta samu fili. Idan hannu ya faɗa kuwa, a haɗa su: rabin dankalin da aka saba sa wa, da rabin gwangwanin tsiro. Duk saran da mai tsinkawa ya yi, sabon baki ya buɗe wa mai zaƙaƙawa, shi ya sa haɗin ke fin kowanne shi kaɗai zaƙi.

Lokaci ma yana da ta cewa. Da damina tsiro yana fitowa da sauri amma shanya ta gagara, fumfuna ta samu shiga. Da bazara tarin hatsin yana ɗaukar zafi ya ƙone kansa, sai an baza shi fale-fale ana yawan yayyafi. Gwajin farko a yi shi tsakanin Nuwamba da Janairu, hatsi sabo ne, iska busasshiya ce, illa dai a ajiye buhun a cikin ɗaki don sanyin dare kada ya tsayar da shi. Gwangwani biyu na shanshera sun isa. Idan ya bushe kin murje, kafin ki saka kwanon geronki a kasada, ki daka cokali ɗaya, ki dama koko mai kauri a kofi, ki bari ya kai zafin yatsan nan, ki barbaɗa ki juya. Ya saki cikin minti goma, tsironki ya yi, ki ɗura a roba ki rubuta wata a jiki. Bai motsa ba, ki watsa wa kaji ki nemi wata shinkafar wajen wani mai awo.